Taƙaitaccen Suna ko Cikakke: Sharhi a kan Sunayen Gurabe a Rumbun Bayanai

1.0 Gabatarwa

Abin da muka kawo gabanku ƙaramin al'amari ne a ido, har ma wani zai ce bai kai a tsayar da taron masana harshe a kansa ba. Magana ce ta sunan da ake rubutawa a saman kowane layin tsaye na jadawali a cikin rumbun bayanai na kwamfuta. Wannan layin tsaye shi za mu riƙa kira gurbi a cikin wannan takarda, domin a nan ne ake cike suna ko shekaru ko kuɗi, kamar yadda ake cike gurbi a takardar neman aiki. Tambayar ita ce, a gajarta sunan gurbin, ko kuwa a rubuta shi cikakke yadda duk wanda ya gani zai gane? Tambayar ta ƙara nauyi tun da aka shiga zamanin da manhaja ke zana fasalin rumbun da kanta, ta raɗa wa guraben sunaye, mutum yana kallo.

Ba sai mun yi nisa ba wajen neman misali. Nan gefen Tudun Wada Kamfanin Gaskiya yake, wanda aka kafa a 1945, kuma a cikin gininsa ne aka buɗe kamfanin buga littattafai na Arewa a 1966, wanda duk ɗalibin Hausa ya sani da haruffa huɗu, NNPC. Shekara goma sha ɗaya waɗannan haruffa suna nufin abu guda. A 1977 sai gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin man fetur na ƙasa, ya zo da haruffan nan huɗu daidai wa daida. Tun daga ranar, ɗalibin da ya ga NNPC a ƙarƙashin sunan littafin Abubakar Imam sai malami ya yi masa bayani cewa ba masu sayar da kananzir suka buga shi ba. Haka NPC take: ga dattijon da ya ga siyasar Jamhuriya ta Farko jam'iyyar Sardauna ce, ga matashin yau kuwa hukumar ƙidayar jama'a ce. Mu a nan bayani yakan fisshe mu, domin akwai malami a gaban aji. Rumbun bayanai ba shi da malami a gabansa. Wanda ya raɗa sunan yakan bar aikin, ya bar sunan.

2.0 Inda ɗabi'ar ta samo asali

Ya kamata mu yi wa magabatan wannan fanni adalci, domin tilas ce ta sa su gajarta suna. Katin nan mai huda da ake shigar da umarni da shi gurbin harafi 80 gare shi a layi ɗaya. Harshen FORTRAN, har zuwa tsarinsa na 1977, ba ya karɓar sunan da ya wuce harafi 6. Manhajar dBASE, wadda ta mamaye ofisoshi a shekarun 1980, harafi 10 ta yarda da shi. SPSS, wadda ɗaliban ilmin zaman jama'a a Samaru da Kongo suka daɗe suna lissafin bincikensu da ita, harafi 8 ta tsaya a kai har fitowarta ta 12 a 2003. Oracle kuwa ta riƙe iyakar bayit 30 shekaru da dama, sai a fitowa ta 12.2 ta buɗe zuwa 128. Wanda ya koyi aiki a cikin irin wannan ƙunci dole hannunsa ya saba da gutsure kalma, ya kuma koya wa na bayansa haka.

Yawancin waɗannan shingaye sun faɗi. MySQL tana karɓar harafi 64, PostgreSQL bayit 63, SQL Server harafi 128. Amma ɗaya ya ƙi faɗuwa, kuma ya shafe mu ƙwarai: fayil ɗin taswira da ake kira shapefile har yanzu a cikin tsohon tsarin dBASE yake ajiye bayanansa, watau harafi 10. Duk wanda ya yi aikin taswirar unguwanni da ƙauyuka a Arewa, irin wanda aka yi don rigakafin shan-inna, ya yi karo da wannan iyaka. Za mu komo kanta.

3.0 Hujjar masu taƙaitawa

Masu goyon bayan taƙaitaccen suna ba su rasa abin faɗi ba, kuma mafi ƙarfin hujjarsu ita ce Binciken Yawan Jama'a da Lafiya da aka fi sani da DHS, wanda aka fara yi a Nijeriya a 1990, a Nijar kuma a 1992. A cikin jadawalin mata na wannan bincike, v012 shi ne shekarun mace, v025 birni take ko ƙauye, v106 matakin karatunta, v201 kuma yawan 'ya'yan da ta taɓa haifa. Waɗannan ko taƙaitawa ba su kai ba, lambobi ne tsura. Amma v201 na Zariya shi ne v201 na Maraɗi, ko da yake an tsara takardun wancan da Ingilishi, na wannan kuma da Faransanci. Lambar ba ta da harshe, saboda haka ba ta bukatar tafinta. Haka nan manhajar kamfanin SAP na Jamus, wadda manyan kamfanoni ke tafiyar da lissafinsu da ita: lambar kaya MATNR ce, lambar mai saye KUNNR, lambar mai kawo kaya LIFNR. Gutsuren kalmomin Jamusanci ne, akawun da ke aiki da su a Legas ko Kano bai san Jamusanci ba, amma ya haddace su kamar sunayen 'ya'yansa.

Harshenmu ma ya ba su hujja. En'e da Di'o haruffan Turanci ne da Bahaushe ya tauna har suka zama kalmomi, ya ce ɗan sandan En'e, ya ce Di'o ya zo rangadi, ba tare da ya damu da abin da haruffan suka tsaya a madadinsa ba. Cibiyar horar da akawuna da aka buɗe a Kongo a 1947, wadda ta zama Makarantar Koyon Mulki daga baya, ta yaye ɗaruruwan ma'aikata da suka rayu a cikin irin waɗannan haruffa. An sauke sunan NEPA tun 2005, amma har gobe in wuta ta dawo a Tudun Wada Nepa yara ke kira.

Mun yarda da wannan duka. Sai dai in aka duba da kyau, kowane ɗaya daga cikin misalan nan yana tsaye ne a kan wani abu da ba a ambata ba. DHS tana da littafin bayanin lambobi da aka buga, kowa na iya samu, kuma akwai masu kula da shi. SAP tana da ƙamus a cikin manhajar kanta. En'e da Nepa kuwa jama'a ce ƙamusunsu, domin miliyoyin bakuna sun maimaita su. Taƙaitawar da ɗan kwangila ya ƙaga da daddare don rumbun wata makaranta ko wani asibiti ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Malaman zaure sun riga mu sanin wannan sharaɗi. Mai Ƙamusul Muhiɗ ya yi amfani da jim a madadin jam'i, dal a madadin gari, mim a madadin abin da yake sananne, amma ya jera ma'anarsu a gabatarwar littafin. Suyuɗi ma haka ya yi da alamomin masu ruwaya a Jami'us Sagir. Makullin yana ɗaure cikin tadarishi ɗaya da littafin, duk inda littafin ya je tare suke zuwa. Mu kuwa rumbun yana cikin na'ura, takardar bayanin sunayen tana cikin jakar wanda ya yi aikin, in ma ya rubuta ta ke nan.

Wani ɗalibinmu ya taɓa kawo mana abin da ya same shi a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da ya je taya su aiki. An kwafe rajistar kwanciya daga littafi zuwa kwamfuta, aka ɗauki kanun gurabe yadda suke, DOA da DOD. Ga ma'aikatan jinyar wurin ma'anar a fili take, ranar kwantar da majiyyaci da ranar sallamarsa. To amma a harshen likitoci DOA tana kuma nufin wanda aka kawo ya riga ya cika, DOD kuma ranar rasuwa. Da ɗalibin ya tambayi ɗaya daga cikin manhajojin nan masu amsa tambaya da harshen mutane cewa majiyyata nawa suka rasu a watan da ya wuce, sai ta ƙirga duk wanda aka cike masa DOD, ta miƙa masa adadin waɗanda aka sallama lafiya lau a matsayin mamata. Allah ya sa babbar ma'aikaciyar jinya ta ga takardar kafin ta fita. Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan ba: hukumar tantance asibitoci ta Amurka ta fitar da jerin taƙaitattun kalmomin da ta hana rubutawa a takardar magani tun 2004, a cikinsu har da MS, wadda ake karantawa da sunan magunguna biyu da ba su da haɗi.

Bincike ma ya karkata ga cikakken suna, ko da yake bai yi wa taƙaitawa kisan mummuƙe ba. A 2006 Lawrie da abokan aikinta sun gwada masu rubuta manhaja fiye da 100, suka ga cikakkiyar kalma ta fi saurin fahimta, amma a wurare da dama taƙaitawa mai kyau ba ta gaza mata sosai ba. A 2017 Hofmeister da Siegmund da Holt sun gwada ƙwararru 72, suka ga an fi saurin gano kuskure da kashi 19 cikin ɗari in sunayen cikakkun kalmomi ne. Duka gwaje-gwajen biyu da sunayen Ingilishi aka yi su, kuma a nan ne muke ganin aikin masanin Hausa ya fara.

4.0 Inda Hausa ta rabu da Ingilishi

Yanzu ana samun ƙungiyoyi da makarantun Islamiyya da masu shaguna suna tsara fom da Hausa, ko su umarci manhaja da Hausa ta zana musu rumbu. Manhajar da ta koyi gajarta suna daga Ingilishi takan ɗauko dabarun can ta ɗora wa Hausa, kuma dabarun ba su dace da jikinta ba ta fuska uku.

Ta farko ita ce zubar da wasali. Bature yakan rubuta qty ko amt a gane, domin kalmominsa cunkushe suke da baƙaƙe, in an cire wasula ƙashin bayan kalmar yana nan. Gaɓar Hausa kuwa baƙi da wasali ce mafi yawa, wasalin nan shi ke ɗauke da rabin ma'ana. Mu ɗauki gd. Gida ne, ko gado, ko gudu, ko guda? Mu ɗauki mt a rajistar asibiti: mata ne, ko mutum, ko farkon mutuwa? Kd fa, kuɗi ne ko kudu? Magabatanmu masu rubutun ajami sun gane wannan tun da daɗewa. Balarabe yakan karanta littafinsa ba wasali, domin sigar kalmarsa tana nuna masa hanya, amma mai rubuta waƙar Hausa da ajami sai ya bi baƙaƙen ya yi musu wasali, don ya san in bai yi ba ko shi kansa zai yi tuntuɓe in ya dawo karantawa. Kada kuma mu manta cewa rubutun boko da kansa taƙaitawa ne, tun da ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gadon da majiyyaci ke kwance a kai da ciwon gado da ya samo daga iyaye rubutunsu ɗaya. Kalmar da ta riga ta yi asarar karinta da tsawonta, in aka sake cire mata wasali, me ya rage a hannun mai karatu?

Ta biyu ita ce ƙugiya da alamar hamza. Baƙaƙen nan masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, a nan Zariya suka kafu a cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke shugabancin Hukumar Talifi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ta kai su ko'ina. Abin takaici ne a ce bayan wannan wahala duka manhaja ta zo ta goge su a cikin ƙiftawar ido, amma haka da yawa daga cikin masu ƙaga suna suke yi da duk harafin da ba ya cikin haruffan Ingilishi 26: ko su miƙe ƙugiyar, ko su jefar da harafin ɗungurungum. A rajistar awon ciki gurbin ɓari sai ya koma bari. Baƙi su koma baki, ƙasa ta koma kasa. Mafi muni shi ne alamar da muke sa wa 'y da hamza, domin a harshen SQL wannan alama ita ce mabuɗin zance da marufinsa, saboda haka ba a barinta cikin suna sai da dabara. Adadin 'ya'ya sai ya koma adadin_yaya, mai karatu ya rasa ko 'ya'yan matar ake ƙirgawa ko yayyenta. A nan 'yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sa'a, tun da su ƴ suke rubutawa, harafi guda mai ƙugiya. PostgreSQL da takwarorinta na zamani suna karɓar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a cikin suna. Sai dai kowannensu bayit biyu yake ci a tsarin UTF-8, wanda kuwa ke ƙirga iyakarsa da bayit, Hausa takan cika masa mudu da wuri.

Ta uku ita ce mafi muhimmanci a ganinmu, kuma ita ce aka fi yin sakaci da ita, watau tsarin nasaba. Ingilishi yakan gabatar da kalmar da ke bambantawa, ya jinkirta ta gama-gari: birth_date, admission_date. In na'ura ta datse wutsiyar sunan, abin da ya bambanta su yana nan a gaba. Hausa akasin haka take. Muna cewa ranar haihuwa, ranar kwanciya, ranar sallama. Lambar waya, lambar gado, lambar kati. Kalmar gama-gari ce a gaba, mai bambantawa a baya. Na'ura kuwa daga baya take yanka. Mu koma ga fayil ɗin taswira mai harafi 10. A ce muna da gurabe biyu, adadin_yara_maza da adadin_yara_mata. In aka datse su, duka biyu sun zama adadin_yar. Manhajar GDAL, wadda QGIS ke rubuta irin wannan fayil da ita, takan raba gardama ta bar na farko adadin_yar, ta mai da na biyu adadin_y_1. Wanda ya karɓi taswirar bayan wata shida ba shi da hanyar sanin wanne ne maza wanne ne mata, sai dai ya yi canki.

Abin ban sha'awa shi ne Bahaushe ya riga ya warware wannan matsala a jikin motocin haya da allunan shaguna da bayan ambulan, tun kafin kwamfuta ta zo. Ba wanda ya taɓa rubuta "Tudun W." Abin da ake rubutawa shi ne T/Wada, T/Jukun, S/Gari, K/Doka, U/Rimi, B/Gwari. Ana gutsure kan, a bar wutsiya cikakkiya, domin tudu da unguwa da ƙofa da birni suna da yawa, na biyun ne ke nuna wurin. Wannan ƙa'ida ce da ba wata hukuma da ta zauna ta tsara, harshen ne ya nuna wa masu shi inda za su yanka. Ba mu ce ba ta da illa ba. K/ na iya zama ƙofa kamar a K/Doka, ko ƙaura kamar a K/Namoda. S/ na iya zama sabo kamar a S/Gari, ko sarki kamar a S/Fada. T/Wada ɗin ma akwai ta a Zariya da Kaduna da Kano da Jos da Gusau. Amma duk da haka mai karatu yana gano kan daga wutsiya, alhali ba ya iya gano wutsiya daga kai. R_haihuwa harafi 9 ne, r_sallama ma 9, kowanne ya shiga cikin iyakar dBASE ba tare da ya rasa ma'anarsa ba. Yara_maza da yara_mata haka.

5.0 Cikakken suna ma yana da cutarsa

Kada a ɗauka daga abin da ya gabata cewa tsawon suna shi ne lafiyarsa. Akwai masu wa'azin cewa tun da na'ura ce ke rubutawa, hannunta ba ya gajiya, to a bar ta ta zuba suna komai tsawonsa. Wannan magana rabinta gaskiya ce. Na'ura ba ta gajiya da rubutu, amma mutum yana gajiya da karatu, kuma rumbun yana da iyakarsa.

Google Forms takan ɗauki tambayar duka ta mai da ita kan gurbi. KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji da ɗaliban bincike ke tara bayani da ita a waya, takan ƙaga sunan gurbi daga lafazin tambayar in mai tsara fom bai ba shi suna da kansa ba. Sakamakon shi ne sunan gurbi ya koma jimla. A ce an sami adadin_yaran_da_ke_ƙasa_da_shekara_biyar_da_aka_yi_wa_allurar_rigakafin_ƙyanda, da ɗan'uwansa mai ƙarewa da sanƙarau. In aka kai su PostgreSQL, bayit na 63 yana cika ne daidai ƙarshen kalmar allurar. Ƙyanda da sanƙarau duk sun faɗi a bayan shinge, sunayen biyu sun zama ɗaya, rumbun kuma ya ƙi karɓar jadawalin. Wasu manhajojin, irin su Django, sukan kauce wa wannan karo ta hanyar datse sunan su liƙa masa 'yan haruffa da lambobi marasa ma'ana a ƙarshe. Ashe wanda ya guje wa taƙaitawar mutum ya faɗa hannun taƙaitawar na'ura, wadda ta fi muni, domin ita ba ta san inda ma'ana take ba.

Kuskuren a nan shi ne haɗa aiki biyu a kan abu guda. Suna daban, bayani daban. Bahaushe ya ce suna linzami, linzami kuwa abin kamawa ne a ja, ba a ɗora masa kaya. Tsarin XLSForm da Kobo ke aiki da shi ya raba su tun asali: akwai gurbin suna, akwai gurbin lafazin tambaya, kuma lafazin ana iya rubuta shi da Hausa da Ingilishi da Faransanci a jere, sunan yana nan guda. Oracle da PostgreSQL suna da umarnin COMMENT, wanda ke liƙa wa kowane gurbi bayaninsa a cikin rumbun kansa, watau dai abin da mai Ƙamus ya yi a gabatarwarsa. Kayan aikin suna nan. Abin da muka lura shi ne ba a cika amfani da su ba, domin ba wanda ke biyan ɗan kwangila kuɗin rubuta bayani, kuma ranar miƙa aiki ba wanda ke buɗe wannan sashe ya duba.

Akwai kuma sabon mai karatu da magabata ba su yi lissafi da shi ba. Manhajojin da ke mai da tambayar mutum zuwa umarnin SQL ba su san asibitin ba, ba su san ma'aikaciyar jinya ba, sunan gurbi da bayaninsa su ne kusan duk abin da suke gani. Har ta kai a 2023 wasu masu bincike na kamfanin Amazon sun fitar da aiki mai suna NameGuess, wanda manufarsa ita ce koya wa na'ura ta cinko cikakken suna daga gutsurarre. A duba wannan zagaye: mun gajarta suna don na'ura ta iya ɗauka, yanzu kuma muna horar da wata na'urar ta maido abin da muka yanke. In haka ake fama a Ingilishi, wanda na'urorin nan suka karanta fiye da kowane harshe, ina ga gd da mt na Hausa?

6.0 Abin da muke gani

Ra'ayinmu shi ne, a rumbun da manhaja ke zanawa, cikakkiyar kalma ce asali, taƙaitawa kuwa sai da dalili. Cikakkiyar kalma muka ce, kalma biyu ko uku, ban da jimla mai "wanda" da "da aka". Taƙaitawar da jama'a suka riga suka mai da ita kalma, irin su BVN da NIN da JAMB, a bar ta yadda take, domin warware ta ma ruɗani zai kawo. Ba mai sayar da kati a bakin kasuwar Tudun Wada da zai gane cikakken sunan BVN da sauri kamar yadda yake gane haruffan uku. Wadda kuwa take da fuska biyu a cikin fanni guda, irin DOD, a kore ta ko da ma'aikata sun saba da ita, a rubuta ranar_sallama da ranar_rasuwa kowanne a gurbinsa. Wasali kada a taɓa shi. Ƙugiya a riƙe ta duk inda rumbun ya yarda, inda bai yarda ba kuma a sauya kalmar maimakon a miƙe harafin: in ɓari ba zai shiga ba, zubewar_ciki za ta shiga, in 'ya'ya ba za su shiga ba, a rubuta yawan_haihuwa.

In iyaka ta matsa, kamar a fayil ɗin taswira, sai a bi hanyar masu rubuta T/Wada, a gutsure kai a bar wutsiya. Amma wannan yana bukatar a yi ittifaƙi a kan 'yan kalmomin da za a yarda a gutsure, kuma muna ganin aiki ne da ya dace da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da sassan Hausa na Zariya da Sakkwato, tare da malaman kwamfuta, tun da su suka san inda iyakokin suke. Jerin ba zai yi tsawo ba. Mun gwada shi a kan rajistar makaranta da ta asibiti, muka ga r tana iya tsayawa a madadin rana, l a madadin lamba, k a madadin kuɗi, ba tare da wani ya yi karo da wani ba: r_haihuwa, l_waya, k_magani. Harafin a ya ɗan ba mu wahala tsakanin adadi da adireshi, sai muka ga adadi ma ba a bukatarsa sau da yawa, domin yara_maza ya isa ya nuna ƙirga ake yi. Wanda ya gagare mu shi ne s. Suna da shekara da sa'a da sana'a da sashe duk da shi suka fara, kuma dukansu suna zuwa a kan rajista guda: s_uba sunan uba ne, ko shekarunsa, ko sana'arsa? Waɗannan biyar mun bar su cikakku.